Mazaunin Ɗaffaya a Lorin Gado

Gadarif, 9 ga Satumba, 1978

Yaya Ummuhani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Jibrin da yara. Yaya ciwon gwiwar, yaya kuma zafin Kasala? Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa bana ya yi, riɗi ya fara rawaya a Fashaga, laka kuwa ta haɗiye mini takalmi ɗaya a hanyar kasuwa. Inna lafiya lau, sai faɗa, wanda kin san shi ne alamar lafiyarta.

Labarin ƙanenmu Gado ne ya sa na ɗauki alƙalami. Sharu Wada, mai lorin da ya ƙone a hannun Gado bara, ya sayi wani, ya kuma aiko cewa kujerar direba ta Gado ce idan an fara yankan riɗi. Gado ya amsa. Hannun dama yana nan yadda kika bar shi, yatsu uku a naɗe ba sa miƙewa. Amma sitiyarin wannan lori a dama yake, giya a hagu, ya ce zai iya.

Shekaranjiya Sharu ya zo maƙerata da sabuwar ɗaffaya, jan tulun nan na kashe wuta, ya ce in ƙera mata mazauni a cikin lorin. Wai in yi keji da kwaɗo kamar na bara, don a tashar Shuwak ko takalminka ka cire sai ka sa masa ido. Na ce mazauni zan yi, kwaɗo kuwa ya nemi wani maƙerin. Ya dube ni, ya ce to, gwani ya fi shi sani.

Har yau Inna, in ta ga Gado yana fama da loma da hannun nan, sai ta ce da bai yi sakaci ya yar da mabuɗin kwaɗo ba, da ya buɗe kejin ya kashe wutar tun tana ƙarama. Shi kuwa sai ya ci gaba da cin abincinsa. Maƙerata ma bai sake shiga ba, daga bakin hanya yake mini sallama ya wuce.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanenki,
Rufa'i

Gadarif, 2 ga Oktoba, 1978

Yaya Ummuhani,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, da goron da kika aiko wa Inna. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Kin tambaya me ya sa ɗan ƙarfen da ake bugawa kafin shayi ya huce ya ci mini sati uku. Matata Asiya ma haka take zolayata, wai ko gadon sarauta nake ƙerawa.

Abin da wuya, Yaya. Ana son ya riƙe tulun tamau a hanyar da ke jijjiga haƙora, kuma ya sake shi nan take ga mutum mai hannu ɗaya. Na yanke gindin wani bututu na yi masa walda a kan faffaɗan ƙarfe, na shimfiɗa robar tsohuwar taya a ciki don kada ya yi ta ƙara. Maɗaurin ne ya ba ni wahala. Na fara da noti mai kunnuwa, sai na tuna yatsu yake so. Na koma ɗamarar fata, Asiya ta ce ranar Gadarif za ta busar da ita ta tsinke, kuma gaskiyarta. Yanzu ina gwada guntun sifirin na mota, da ɗan hannu wanda za a naushe shi ya buɗe. Kullum nakan ɗaure yatsuna uku na dama da tsumma in gwada. Maƙwabcina Mato ya ɗauke ni a motarsa muka bi hanyar Gallabat, kafin mu yi nisa tulun ya yi tsalle ya faɗo mini a ƙafa. Mato ya yi dariya har da hawaye.

To, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ke zan fara gaya wa.

Gado bai yar da mabuɗi ba. Ranar da na kafa kejin nan bara, na kulle kwaɗon don in gwada, sai aka kira azahar. Na jefa mabuɗan, duka biyun a zobe ɗaya, cikin aljihu na tafi masallaci. Kafin in dawo ya tashi mota ya nufi Fashaga. Na ce ba komai, in ya dawo na ba shi. Kwana uku bayan nan busasshiyar ciyawa ta naɗe a salansar motar ta kama da wuta. Ya yi ta jan ƙarfen da na ƙera da hannuna, yana zafi, har fatarsa ta manne. Garin neman gira aka rasa ido.

Da aka tambaye shi a asibiti, ya ce mabuɗi ya faɗi masa a gona. Ina tsaye a wurin, ban ƙaryata shi ba. Shekara guda ke nan Inna tana yi masa gori ina ji, mabuɗan kuwa suna cikin gwangwanin ƙusoshina. Kunya nake ji, Yaya, irin wadda ban san inda zan ajiye ta ba. Ina tsoron ko wannan ne ya sa Gado ba ya shigowa wurina.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Rufa'i

Gadarif, 20 ga Oktoba, 1978

Yaya Ummuhani,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wayi gari lafiya. Na karanta amsarki sau uku. Kin wanke ni tas, kuma na cancanta. Na bi shawararki ta in faɗa musu gaskiya.

Mazaunin ya gamu. Na kafa shi a gefen kujera ta wajen ƙofa, inda mutum zai kai hannu ko yana zaune ko yana tsaye a ƙasa. Mun sake bin hanyar Gallabat da Mato, bai ko motsa ba.

Ranar Talata da hantsi Gado ya kawo lorin da kansa. Ya duba aikin sama da ƙasa, ya girgiza shi, sannan ya dunƙule hannun nan ya naushi ɗan ƙarfen. Maɗaurin ya buɗe, tulun ya gangaro cikin damtsensa. Ya mayar, ya sake, har sau huɗu. Sai na ɗauko mabuɗan na sa masa a tafi, na faɗa masa komai, duk da na san ya sani.

Ya daɗe yana juya su. Da na tambaye shi dalilin ƙaryar da ya yi a asibiti, sai ya ce, "Yaya, hannu ɗaya ya riga ya ƙone. Da na faɗa, wa zai sake kawo maka aiki a Gadarif?" Rashin shigowarsa kuwa, wai duk lokacin da na gan shi hannun nake kallo, shi ya sa yake raga mini. Mun sha jabana a kan bencina, ya ce gahawar tawa har yanzu ba ta da daɗi.

Da la'asar na je na durƙusa gaban Inna na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta dai ce in tashi in ba ta wuri. Da aka kawo abinci, ta jawo kwanon Gado gabanta, ta yayyaga masa kisra, gurasar dawar nan, ƙanana-ƙanana yadda hannun zai iya ɗauka, ta zare ƙashi daga naman, ta tura masa. Ta kira shi Autana, sunan da rabonmu da jin sa tun kafin gobarar. Ni ko kallona ba ta yi ba, kuma ban taɓa cin abinci mai daɗin na ranar ba.

Jiya ya tafi Fashaga ɗaukar riɗin farko. Mabuɗan ya bar mini, na rataye su a ƙusa saman zugazugi, inda zan riƙa ganinsu duk lokacin da wani ya ce in sa kwaɗo.

Asiya na gaishe ki. A gaishe da Malam Jibrin da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Rufa'i