Man Gashin Tumaki da Fason Goggo

Ƙofar Gayan, Zariya.

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Alhaji da yara? Mu nan lafiya lau. Jariri yana ta ƙiba, ni kuma saura kwana goma in gama wankan jego.

Man da kika aiko ya iso. Kafin zuwansa kan nonona ya tsattsage har da jini, in yaron ya kama sai in cije bakin zane ina hawaye. Na kusa cewa a sayo madarar gwangwani. Kwana huɗu ina shafawa, ungozomar asibiti kuma ta gyara min yadda nake riƙe shi, yanzu sai hamdala.

Amma Yaya, wai da gaske daga gashin tumaki ake samo shi? Haka maigidan ya karanto a takardar. Na shafa tunkiyar gidanmu har sau biyu, ban ji maiƙo ba. Kuma sai na wanke kafin in ba shi, ko ya sha abinsa?

Goggo Asabe, mai yi min wankan, cewa ta yi, "Da man kaɗanya aka shayar da ku, ba za a ɗura wa jikana tunkiyar Turawa ba." Jiya na ga man ya kusa ƙarewa. Ashe fasonta take shafawa! Da na yi magana ta ce, "To, ƙafa tana shayarwa ne?"

A sa mu a addu'a, a gaida Alhaji da yara. Goggo ma tana gaisuwa, ta ce in za ki sake aikowa, ki nemi babba.

Ƙanwarki,
Zainabu.