Romon Kazar Nini Galuh

Surabaya, 4 ga Maris

Yaya Mastiah,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya ciwon ƙafa? Wata mai zuwa kakarmu Nini Galuh za ta cika shekara da rasuwa, ina so in tara maƙwabta a yi mata addu'a, a ci soto, romon kazar nan mai kayan ƙamshi, irin nata. Matata ta gwada sau uku, romon kaza ne kawai, ba ƙamshin nan. Ki rubuto mana yadda take haɗawa.

Ina yawan tuna ranakun Juma'a. Muna dawowa daga masallaci za ta tsamo cinya ta sa a kwanona, ta yanka ƙwan agwagwa a kai, ta ce in ci in yi ƙwaƙwalwa. Allah Ya jiƙanta.

Ƙanenki,
Ardiansyah

Banjarmasin, 15 ga Maris

Ardi,

Na ga takardarka, ƙafa da sauƙi. Tun kana ɗan shekara shida hannun Nini ya fara rawa, ba ta sake ɗora tukunya ba. Ni nake dafawa. Ina aji biyar ta cire ni daga makaranta, ta ce gida ba ya ɗaukar ɗalibai biyu. Tana zaune a kujera ni ina daka kirfa da kanumfari, in na cika gishiri ta buga mini ludayi a yatsu. In ya nuna sai ta karɓi kwanon ta kai maka da kanta. Ni a tsaye nake ci a kicin, wuya da ƙafafun kazar.

Shekara uku na yi ina ɗaga ta ina yi mata wanka. Ranar da za ta cika ta riƙe hannuna ta ce, "Ardi ya ci abinci?" Kai kuwa sai bayan an binne ta ka iso.

A gaida iyali.
Mastiah

Surabaya, 27 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta wasiƙarki har sau biyu. Wallahi ban sani ba, yaro ne ni lokacin. Amma Yaya, ta riga mu gidan gaskiya, kuma ita ta riƙe mu bayan rasuwar iyayenmu, bai kamata a tono wannan yanzu ba. Ki yafe mata. In rubutun ne zai ba ki wahala, zan turo 'yata Rusmini da hutu ta koya a wurinki.

Ki huta lafiya.
Ardiansyah

Banjarmasin, 6 ga Afrilu

Ardi,

Ina gaishe ka. Kada ka turo yarinyar, na bar dafa shi.

Ka ce ba ka sani ba. Wurin zamanka yana kallon ƙofar kicin, ƙofar kuma ba labule. Har ka kai shekara goma sha takwas a nan kake zama. Sau da yawa mun haɗa ido, sai ka mayar da kanka cikin kwano.

Allah Ya karɓi addu'arku.
Mastiah