Shanun da Suka Tsallake Rafi a Takarda

Zuwa ga Yaya Aristide,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti Célestine da yara. Allah ya sa zafin Oran bai tayar maka da ciwon ƙirjin nan ba. Mu nan kalau, an gama tsinkar tuffa, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Ka tuna Iya Honorine, tsohuwar da ke kiwon shanun mai gonar nan Delattre, wadda mijina Firmin ya zana a bakin rafi da sassafe? To, ya sake zanen a farantin tagulla ya buga. Ka san halin aikin, in an matsa faranti a takarda dama takan koma hagu. Surukin naka kuwa bai taɓa damuwa ba, wai shi haske yake bi. Sai ga Delattre ya ga hoton a wani kanti a Paris: shanunsa a tsallaken rafi, cikin ciyawar maƙwabcin da suka yi shekaru suna shari'a da shi. Ya dawo yana huci, ya rantse ranar San Martin, da ake sallamar 'yan aiki, zai kori Iya Honorine har daga bukkarta.

Na ce Firmin ya kai masa farantin, ashe ya riga ya kakkarce shi, yadda suke yi in an gama bugu. Na ɗauki madubina na je da kaina, in nuna masa yadda hoton ke komawa daidai a cikinsa. Mutumin ya ce kada in kawo masa dabarar mata, shi abin da aka zana a fili kawai zai yarda da shi. Zanen farko na fensir da aka yi a bakin rafin kuwa shi ne Firmin ya ba ka tsaraba.

Don Allah, Yaya, ka sa shi a jirgin farko. Tsoro nake ji kada ya iso a makare. Firmin ya daina cin abinci. Ita kuwa tsohuwar ko faɗa ba ta yi ba. Jiya ta kawo mana madara, ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta tambaye ni a hankali ko dai da gaske ta tsallaka ne ta manta.

Ka gaida Anti Célestine, da Gaspard, da 'yar auta Noémie.

Ƙanwarka,
Léontine