Goron da Muka Kai Shagon Esposito

Peckham, Landan
4 ga Oktoba, 1976

Zuwa ga ƙanwata Hansai,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen gida a Bukuru. Yaya gwiwar? Ni dai an kankare mini yanar idon dama, na hagu sai wata mai zuwa, don haka ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar kaji sun yi tono.

Garin nan ba abin da ke cikinsa sai yayyafi da duhu. Mutanenmu kuwa sun cika shi, kuɗin fetur ya sa kowa ya zo sayen akwati da abin da zai zuba a ciki.

Ɗanki Uwaisu yana gaishe ki. Naki ne mana, tunda ke kika goye shi bayan rasuwar Yaya Luba. Karatun injiniya na tafiya, amma ya rame, kuma ba sanyi ne ya ramar da shi ba. Yarinyar da ya rubuto miki yana son aure, Karimatu, na gan ta, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni a kan kafet. Mahaifinta Alhaji Almu yana aiki a ofishin jakadancinmu. Mutumin kirki ne, bai nemi komai ba sai abin da kowane uba ke nema, wato asali. Ya yarda Janaru, mahaifin Uwaisu, ya musulunta, ya yarda an ɗaura aurensa da Luba a gaban shaidu. Amma wa ya haifi Janaru? Wane gida? Yana son ya ga ko mutum ɗaya daga dangin uba kafin ya ba da 'yarsa.

To, me muka sani? Bature ɗan Italiya ya zo gyaran injinan kuza, ya ce daga Napoli yake, rami ya rufta da shi yaron bai gama koyon tafiya ba. Ya bar mana sifanun gyaran inji da suna.

Sai ga ikon Allah. Shekaranjiya ina cikin bas daga asibiti, da idona ɗaya, na hangi sunan nan a goshin wani shagon shayi a Rye Lane: Esposito, harafi da harafi kamar yadda yake a takardun Uwaisu. Kin san Turawa sunan gida suke ɗauka, kuma in gida ɗaya ne ai jini ɗaya ne. Na sa an nemo mini goro. Ranar Lahadi za mu je gaisuwa. Ki sayi atamfar nan da kika ce, ta ankon biki.

Yayanki,
Nata'ala

19 ga Oktoba, 1976

Hansai,

Bayan gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya. Ina ma ban yi saurin rubuta miki waccan ba.

Mun je. Na sa babbar riga a ƙarƙashin kwat, Uwaisu ya riƙe goro da turare. Mai shagon tsohuwa ce, Asunta, gajeriya mai baƙaƙen kaya, mijinta mai sunan ya rasu. Da Turancina na reluwe da nata na kicin muka fahimci juna. Na gabatar da yaron, na ce ga ɗanku mun kawo. Ta daɗe tana kallonsa. Ta juya allon ƙofa ta rufe shagon, ta zaunar da mu, ta gutsiri goron don kara, ta haɗiye shi da ƙyar.

Sannan ta ba mu labarin sunan. Ta ce a Napoli, zamanin da, akwai wani gidan marayu na coci mai taga a bango, a cikin tagar akwai akwati mai juyawa. Macen da ta haihu ba ta da halin riƙo, ko don yunwa ko don kunya, sai ta sa jaririn a ciki ta juya, ta kaɗa ƙararrawa, ta tafi ba wanda ya ga fuskarta. Duk yaron da ya shiga ta tagar nan, sunan da ake ba shi ke nan. Ma'anarsa wanda aka ajiye a waje. Su kuma suka haifi 'ya'ya da jikoki, sunan ya cika gari, amma ba abin da ya haɗa su sai bangon nan. Mijinta da Janaru, in ji ta, ba su fi ni da direban bas dangantaka ba.

Na juya na dubi Uwaisu. Kin tuna yadda yake dambe da yara a makaranta in sun yi wa sunan nan dariya? Yana zaune ya kafa wa kofin shayi ido.

Da za mu tafi, matar nan ta riƙe hannuna ta ce in dai gwaggo ake nema, za ta sa kayanta na coci ta je ta zauna a falon Alhaji, ba wanda zai sani. A bas Uwaisu ya ce shi ba zai fara zaman aure da gwaggon aro ba, ni in je in faɗa wa Alhaji gaskiya. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Nata'ala

8 ga Nuwamba, 1976

Ƙanwata Hansai,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. An yi aikin ido na biyu, yanzu ina ganin Landan tangaran, ba ta kuma ƙara kyau ba.

Na je wurin Alhaji Almu. Kin san halina in na sami labari, gadon Inna ne. Na shimfiɗa masa shi kamar yadda take mana a tsakar gida: sanyin bangon, uwar da ke lulluɓe da mayafi, ƙarar ƙararrawa, hannun da ke karɓa daga ciki. Na ce wannan abu ya faru tun kafin a haifi kakan kakan yaron. Ina ganin in zuciya ta yi laushi, baki zai bi. Wallahi Hansai, sai da mutumin nan ya cire tabarau ya share ido. Da ya mayar da shi, sai ya tambaye ni a hankali, cikin matan nan masu juya akwati, ta yunwa ce ta haifi kakan Uwaisu ko ta kunya? Na ce Allah kaɗai ya sani. Ya ce to shi ma abin da 'yan uwansa za su tambaye shi a Kano ke nan, kuma wannan amsa ba za ta ishe su ba. Ya raka ni har bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya riƙe mini lema.

An mai da Karimatu gida ranar Juma'a, wai za ta ƙarasa karatu a Zariya.

Na ce wa Uwaisu in yana so ya ɗauki sunan Baba, mu ne dai danginsa tun asali. Ya yi mini godiya, ya ce wani jariri ya shigo duniya ba shi da komai sai sunan nan, ba zai zama shi ne mai sake ajiye shi a waje ba. Ba ya cin abinci sosai. Ranar Lahadi dai yakan tafi Rye Lane. Na bi shi sau ɗaya, na tsaya a tsallaken titi. Tsohuwar tana wanke kofuna, shi yana gogewa.

Zan taso ƙarshen wata in likita ya sallame ni. Sauran goron na wurina, ya fara bushewa. Atamfar nan kuwa, in ba ki riga kin kai wa tela ba, ki ninke ta ki sa a ƙasan akwati.

Yayanki,
Nata'ala