Kalandar da ke Bayan Gidan Baba Sybren

Litinin, 3 ga Maris
Gyambon ƙafar Baba Sybren ya ƙi warkewa. Likita ya ce in babu mai zuwa kullum ya sa masa safar matse ƙafa, sai gidan tsofaffi. Mutumin da ya shekara tamanin a gida ɗaya! Na sake tambayarsa ko yana da wani. Ya ce, "Yarinya, duk suna kwance bayan coci."

Alhamis, 6 ga Maris
An haɗa ni da Marloes, ma'aikaciyar walwalar jama'a. Ko kallon ƙafar ba ta yi ba. Ta sha kofi, ta cinye biskit ɗayan da aka ba ta, ta nemi bayan gida. Minti goma! Kunya ta kama ni. Shekarata sha tara ina yawon duba marasa lafiya a keke, ban taɓa shiga bayan gidan kowa ba.

Da muka fito ta ce, "Wietske, kin taɓa karanta kalandarsa?" Ta ranakun haihuwa take nufi, wadda kowa a ƙasar nan ke ratayewa a bayan gida. Wai kowane suna yana da alamar mutuwa a gefensa, ban da ɗaya: Douwe, 20 ga Maris.

Laraba, 12 ga Maris
Ashe ƙanensa ne, yana nan a garin Dokkum. Shekara sha ɗaya ba sa magana saboda kwalekwalen babansu. Marloes ba ta yi masa wa'azi ba.
"Baba, me ya hana ka soke sunan?"
"Biro ne ya ƙare."
"Shekara sha ɗaya?"
Ya yi dariya har da tari. Ta ajiye katin murnar ranar haihuwa da kan sarki a tebur, muka tafi.

Talata, 25 ga Maris
Na tarar da wani tsoho a durƙushe yana kokawa da safa.
"Wannan ƙafa ce ko ta saniya?"
"Ja mana, rago!"
Na koya wa Douwe yadda ake sa ta, Marloes ta sama masa motar da za ta riƙa kawo shi. Kai, matar nan ta iya aiki! Ni ƙafa nake gani, ita mutum.

Juma'a, 11 ga Afrilu
Gyambo ya fara haɗewa. Likita ya janye maganar gidan tsofaffi.

Kofi ne ya yi mini yawa yau, shi ya sa na nemi bayan gida, ba don komai ba. A kan 2 ga Nuwamba, da rubutu mai rawa: Wietske. Bara na kawo masa yankan kek a ranar haihuwar tawa, har na manta.

Ni ma minti goma na yi.