Ƙafar Baba Tela

Sakkwato,
Laraba, 27 ga Maris, 2024, ƙarfe 4:20 na yamma.

Zuwa ga Yaya Ishaku,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Yesu Almasihu. Yaya jiki, yaya aiki, yaya sauran sojojin da kuke tare? Ubangiji ya ci gaba da tsare ku. A kan benci nake rubuta wannan, a barandar ɗakin maza na asibiti. Sau goma sha ɗaya na kira lambarka ba ta shiga, don haka zan ɗauki hoton takardar in tura, ranar da kuka samu sabis ka gani.

An kwantar da Baba ranar Litinin da ƙarfe tara na safe. Gyambon nan na ƙafar dama da ya ce mana ƙusa ce kawai, ciwon suga ya cinye shi. Yatsu uku sun yi baƙi, kumburin ya wuce idon sawu da inci biyu. Da tef ɗinsa na ɗinki na auna. Zafin jikinsa 39.1. Dakta Muhsina, likitar da ke duba shi, ta ce sai an yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, kuma kada a wuce Asabar, domin idan ruɓar ta shiga jini ba su da dabara.

Baba ya ƙi sa hannu a takardar amincewa. Na ɗauka keken ɗinkinsa yake tunani, tunda da ƙafar ya shekara arba'in yana taka shi a Sabon Gari. Ashe ba shi ba ne. Ya ce a cike Allah ya ba shi jiki, a cike zai kwanta kusa da Mama, ba zai miƙe ranar tashin matattu yana ɗingishi yana neman ƙafarsa a bolar asibiti ba. Fasto ya zo ya yi masa bayani, Baba ya ce Fasto yaro ne, shi ya ɗinka masa wandon firamare.

Sai ya juyo kaina. Wai ni da na gama karatun jinya, na san jikin mutum ciki da waje, in dube shi in ce na tabbata da ƙafa biyu zai tashi, shi kuma ya sa hannu. Yaya, kasawa na yi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma tun ranar da aka shiga da mu ɗakin gawawwakin da ake koyo da su, nake rera waƙoƙin Ista da baki kawai. Na so in yi masa ƙarya, to ka san Baba da fuskata. Kuma ban taɓa rubuta awon da ban auna ba.

Ka yi mana addu'a. In ka samu hali ka kira shi, yana jin maganarka.

Ƙanwarka,
Rifkatu.

Sakkwato,
Juma'a, 29 ga Maris, 2024, ƙarfe 2:05 na rana.

Yaya Ishaku,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Wasiƙar farko har yanzu ba ta nuna ka buɗe ba. Kumburin ya kai inci huɗu da rabi, zafin jiki 39.6. Kowa yana sujadar tunawa da mutuwar Yesu, ni ina nan, kuma ina jin na yi ɓarna.

Da safe Baba Na'Allah, mai yadin da ke kusa da shagonmu, ya zo da azuminsa a cikin wannan rana. Ya yi ta tsokanar Baba, wai mi yaka tsoro, shi da ke haɗa riga daga ƙyallayen da mutane suka zubar, yana ganin Allah bai kai shi iya haɗi ba? Baba ya yi dariya, ya kira shi tsoho mai rage awo, amma ko kallon takardar bai yi ba.

Bayan ya tafi, Baba ya sake yi mini tambayarsa. Na gaji, kwana biyu ban ci abin kirki ba, sai na faɗa masa abin da na sani tabbas. Na ce yau shekara tara da wata huɗu da binne Mama, kuma a ƙasa irin tamu, abin da ya rage nata a kabarin nan ƙasusuwa ne, su ma ba a haɗe ba. Na ce cikakken jikin da yake nema, Mama ma ba ta da shi. Idan Yesu ba zai iya haɗa ƙafa ɗaya da mai ita ba, to Mama ma ba za ta tashi ba, mu daina zuwa da furanni, ni ma in daina rera abin da ban gane ba. Idan kuwa zai tashe ta daga wannan halin, mene ne ƙafa?

Ya juya fuskarsa bango. Shekarata ashirin da huɗu, ban taɓa ganin kafaɗun Baba suna rawa ba sai yau. Na riƙe hannunsa ya zare. Abinci ma ya ƙi.

Gobe ce Asabar. Idan wani abu ya same shi, da wannan maganar tawa a kunnensa zai tafi. Ka yafe mini, Yaya.

Taka,
Rifkatu.

Sakkwato,
Litinin, 1 ga Afrilu, 2024, ƙarfe 11:40 na safe.

Yayana,

Barka da Ista. Ina fata kun same ta lafiya, ko da ba ku samu zuwa sujada ba. Baba yana raye. Na fara da wannan don kada ka tsallake layi.

Ranar Asabar da ƙarfe shida da rabi na safe ya ce in miƙo masa tabaransa da biro. Ya ce shekara tara yana tuna Mama kwance cikin farar rigar da ya ɗinka mata, kamar mai barci, ashe rigar da barcin ya dogara da su, ba Wanda ya fito daga kabari ba. Ya ce Yesu kansa da tabon ƙusa ya tashi, bai ɓoye ba, to shi wane ne da zai ƙi. Ya kira ni marar kunya, ya ce bakin Mama na ɗauko. Sai ya sa hannu.

Sharaɗi ɗaya ya kafa. Ka san a nan idan an yanke gaɓa, dangi ake miƙa wa su binne. Ya ce ni zan karɓa da hannuna, in kai filin da ya tanadar wa kansa a gefen Mama.

An shiga da shi ɗakin tiyata 10:15, an fito da shi 12:50. Baba Na'Allah ya yanko yadi biyu na farin alawayyo don a naɗe ƙafar, ya hana a yi maganar kuɗinsa, ya kuma ɗauke ni da Fasto a motarsa zuwa maƙabartarmu. A cinyata na riƙe ƙafar. Ban zaci za ta yi nauyi haka ba. Masu haƙa suka yi rami ƙarami ta wajen ƙafafu, Fasto ya yi addu'a a taƙaice don shi ma bai taɓa yin irin wannan ba. Ni na zuba ƙasar farko. Ina tsaye tsakanin Mama da ƙafar Baba, sai na ji ina gaya wa Mama, da ƙarfi, cewa ga saƙo nan, sauran yana tafe amma ba yanzu ba. Sai a mota na lura da cewa ba a yi wa wanda ya ƙare har abada irin wannan magana. Ban ce na gane komai ba, amma jiya a coci na rera har baiti na ƙarshe.

Da Baba ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko an daidaita ƙafar, yatsu suna kallon inda na Mama suke kallo. Na ce na auna da tef ɗinsa.

Ga abin da ban sani ba tukuna:

1. Ko zazzaɓin zai ci gaba da sauka. Yau 38.2, amma Dakta ta ce sai an ga Alhamis.
2. Ko ciwon zai haɗe ba tare da an ƙara yankewa ba.
3. Ko ƙafar hagu za ta koyi keke. Shi ya ce sati biyu.
4. Inda za a tura ni bautar ƙasa, da wanda zai zauna da shi.
5. Inda kake, da ko ka ga wasiƙuna.
6. Yadda za a yi ranar tashin. Na tambayi Baba, ya ce ba aikin tela ba ne. Shi dai ƙafarsa ta riga ta kama masa layi.

Yana gaishe ka, ya ce ka dawo da naka biyun. Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Rifkatu.