Akwatin Sifanar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti da yara, da aikin nan naku da ba ya barin mutum ya ɗaga waya. Tunda kira ba ya samunka sai a guje, na koma biro da takarda.

Jikin Baba da sauƙi bayan shanyewar ɓarin jikin nan, alhamdu lillahi. Bakin ya kusa komawa daidai, har ya fara koya wa ma'aikatan jinya yadda ake ɗaure notin gadon asibiti. Hannun dama ne har yanzu da nauyi. Likita ya ce zai iya dawowa idan ya koma ga aikin da ya saba, amma watannin farko su ne komai. In suka wuce hannun yana zaune, to ya zauna ke nan. Mama ta ce ashe garejin da ta shekara arba'in tana mita a kansa yau shi ne magani.

Don haka na karɓi makulli na je in ga wurin. Rumfar tana nan yadda ka san ta, da bencin, da ramin shiga ƙarƙashin mota, da kalandar da ta tsaya tun shekarar da ka gama makaranta. Mai Walda, maƙwabcin Baba, ya tafi wani aiki, ba kowa. Na buɗe akwatin kayan aikinsa, kunya ta kama ni. Sifanu a lanƙwashe kamar sun yi hatsari. Wata an yanke ta biyu, wata an goge bakinta ya zama siriri, sukudireba an yi mata walda da guntun rodi, filaya an naɗe ta da robar tiyub. Babu biyu da suka fito gida ɗaya. Da wannan tarkacen mutumin nan ya kai mu jami'a, mu kuma muna aiko masa da turare.

Na wuce shagon kayan aiki. Na araha suna cikin buhu a ƙasa, ana tona su kamar albasa. Masu tsada suna bayan gilashi. Mai shagon ya ce, "Malama, na ƙasan nan makanikai ke ɗauka, na saman kuma 'ya'yansu." Na yi masa murmushin da ake yi wa ɗan kasuwa. Kwana uku na yi ina karatu a kan ire-iren ƙarfe, yanzu zan iya gabatar da lacca a kai. Na ɗauki jan akwati mai hawa uku, kowace sifana da gadonta, ga takardar garanti ta tsawon rayuwa. Ban tambaya ko rayuwar wa ba.

Tsofaffin kuwa, mai sayen ƙarafa ya zo wucewa da baronsa na ce ya kwashe. Na share rumfar da hannuna, ni da ka sani da tsintsiya.

Kada ka faɗa masa, so nake ya gani da idonsa. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na ji ƙaramin naku ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya, in ana nufin ba wanda ke kwance.

An sallami Baba, kuma ranar Litinin na kai shi gareji. Ya sa tsohuwar rigar aikinsa tun a gida, Mama ce ta ɓalla masa maɓallai. A mota yana ta tsokanata, wai Farfesa tana canja giya kamar tana jin haushin motar.

Na ajiye masa jan akwatin a kan benci. Ya buɗe da hannun hagu, ya daɗe yana kallo. Ya ce kai, waɗannan ai na kamfani ne, Allah ya yi muku albarka ke da yayanki. Sai ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin benci. Ya leƙa bayan ƙofa. Na faɗa masa na ba mai sayen ƙarafa tsofaffin. Ya ce, "To." Ya sake cewa, "To, madalla." 

Wata mota ta zo da ƙaramar matsala, ya shiga rami. Ina tsaye ina miƙa masa abin da ya kira. Sau huɗu sabuwar sifana tana suɓuce masa tana faɗuwa. Santsi gare ta, yatsunsa kuma ba sa rufewa. A karo na biyar ya ce rana ta yi zafi, mu tafi gida. Ƙarfe goma ba ta yi ba.

Washegari na koma ni kaɗai, Mai Walda ya kira ni gefe. Ya ce Baba ya hana shi magana, amma shi ba ɗansa ba ne. Ya ce, "'Yata, kin ɗauka talauci ne ya sa ubanki ke sayen na buhu?" Wai da gangan yake zaɓarsu, don sifana mai araha ba a jin tausayinta. Duk ranar da ya gamu da notin da ya ɓuya a lungun inji, sai ya kawo sabuwa a gasa ta a wuta, ya lanƙwasa ta daidai lungun. Wadda aka goge bakinta, don ta shiga inda mai kauri ba ta shiga. Wadda aka yanke, don wurin da ba filin juyawa. Kowace ɗaya akwai motar da ta haife ta, kuma shi Mai Walda ne ya riƙe wutar, shekara talatin da wani abu. Robar tiyub ɗin ma ba gyaran karaya ba ce. Baba yana bambanta su da taɓawa ne a cikin rami ba sai ya duba ba, kuma roba tana kama tafin hannu ko da yatsu ba ƙarfi. Ya ce da an ce a ƙera wa mai shanyayyen hannu kayan aiki, da waɗannan za a ƙera.

Na bi sawun mai baro har filin da suke tara ƙarafa. Na shiga da takalmi mai tsini, ina kwatanta wa mutane sifana mai lanƙwasa, suna kallona da ladabi. Mai filin ya ce babbar mota ta kwashe na wancan makon zuwa inda ake narkarwa.

Ka san ni, Yaya, ban cika yin kuskure ba tare da na yi bincike tukuna ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Salamu alaikum. Na ga saƙonka, na gode. Ka ce kada in ɗora wa kaina, niyya ce mai kyau. Kowa haka yake cewa, har na fara zargin kun yi taro.

Na gwada gyarawa. Na koma shagon na durƙusa gaban buhun nan na tono sifana goma sha biyu. Mai shagon ya karɓi kuɗinsa kawai, Allah ya saka masa. Muka zauna a rumfa, Mai Walda da wuta, ni da guduma, Baba yana ba da umarni. Ƙara kaɗan. A'a, ya yi yawa. Mayar. Muka ɓata bakwai. Daga ƙarshe ya yi dariya ya ce mu bar wahalar da kanmu, shi ma bai san iya lanƙwasar ba. Ba a kansa take ba, hannun ne ya sani, hannun kuma ya yi tafiya bai bar saƙo ba. Na naɗa wa sababbin roba yadda na iya. Ya jujjuya ɗaya ya ce Farfesa ta yi ƙoƙari.

Duk da haka ya riƙa zuwa, mako uku. Sai tsohon direban nan ya kawo farar motarsa, wadda Baba yake gyarawa tun muna firamare. Akwai noti ɗaya a bayan injinta da Baba ke kwancewa kafin a gama gaisawa. Ranar ya fi awa yana fama. Direban yana zaune a benci yana ta ba da labarin jikokinsa da ƙarfi, don kada a ji ƙarar sifana tana zamewa. Da Baba ya fito daga rami, shi da kansa ya kwatanta masa garejin wani a layin baya, ya ce yaron kirki ne, ya iya aiki. Suka yi musabaha da hannun hagu.

Bai sake komawa ba. Ranar Alhamis ya ba Mai Walda makulli ya ce a ba mai bukata wurin. Likita ya duba hannun jiya, ya rubuta wani abu, ya daina maganar watanni.

Jan akwatin yana ɗakinsa. Na ce in mayar, ya ce ba a mayar da kyautar 'ya'ya. Duk baƙon da ya zo dubiya sai ya sa an buɗe masa, ya ce ku ga abin da yarana suka saya mini. Ni nake buɗewa. Da zai zage ni sau ɗaya, ina jin da na samu barci.

Ka zo, Yaya. Kada ka aiko da komai, ka zo kawai. In ka zo kada ka tambaye shi yaushe zai koma aiki.

Yau da safe Mama ta ce in yanke masa farce, idonta ba ya gani sosai. Na ɗora hannun a cinyata ina yankewa, tana tsaye a kanmu. Can ta ce ita tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin farcensa fari ba, ta juya ta shiga kicin. Na duba. Babu baƙin mai ko ɗigo, har cikin layukan tafin. Baba ya ɗaga hannun da na hagu ya kalla, ya ce ashe haka yake.

Mama tana gaishe ka. Baba ya ce a gaida yara da kyau.

Ƙanwarka,
Auta